Alwala Ɗaya, Daga Azahar Zuwa La'asar

…a'a, ba zan sake ta ba. Butar nan ta zauna inda take. Alwalar da na yi tun azahar tana nan, ban karya ta ba, babu kuma abin da ya karya mini ita — to don me zan sake? Don zuciya ta ce wataƙila? Na san muryar nan sarai. Shekara da shekaru ina gaya wa magidanta a zauren nan cewa mai yawan kokwanto watsi zai yi da kokwantonsa ya wuce. Yau ga ni, Liman da kansa, na tsuguna gaban buta ina kallon ta kamar ita za ta ba ni fatawa.

Tashi, Isah. Tashi mana.

Gwiwa ce kawai ta yi ƙara. Wannan kuwa tsufa ne, babu ruwan jinyar da na yi a Japan a ciki.

Yau zan shiga gaba. Na riga na faɗa, ba na janyewa. Da safe na tare Mannir a ƙofar masallaci — Mannir na'ibina, shi ya riƙe wa unguwa salla tun ranar da na ja da baya — na ce masa la'asar ta yau tawa ce in Allah ya yarda. Ya sunkuyar da kai ya yi hamdala. Murna ce? Ko kuwa… ban sani ba. Mutumin kirki ne. Muryarsa ta fi tawa daɗi, ba sai an gaya mini ba, kuma an ce sahun magariba ya ƙaru tun da ya karɓa. To madalla. Ni ai la'asar na zaɓa, ita ba a bayyana karatu a cikinta, babu mai auna murya da murya. Dabara ce? Eh, dabara ce. Tsoho ma yana da tasa.

Talha, da kana nan da ka yi murmushin nan naka na ƙasa-ƙasa, kana kallon takalminka. Kai ne mijin 'yata Mansura, surukina, ko tabarma ɗaya ba mu taɓa haɗawa ba kafin ciwon nan. Yanzu babu mai rai da ya san jikina kamar kai. Kuma duk abin da zan ce da kai, sai dai in faɗe shi nan, a cikin kaina, kana can wata duniya inda yanzu dare ya yi muku…

Bara ne, kamar war haka, masara ta yi goyo. La'asar ɗin ce kuwa. Raka'a ta biyu, na sunkuya ruku'u — sai na ji shi. Ɗigo ɗaya. Da ɗuminsa. Sahu a cike a bayana, kowa ya miƙa mini sallarsa, ni kuwa tawa ta riga ta ɓaci. Na yi abin da na karanta, abin da na karantar: na kama hancina kamar wanda haɓo ya zubo wa, na jawo hannun rigar Mannir, na ratsa sahu na fita. Unguwa ta ce hawan jini ne. Aka yi ta aiko mini da zoɓo marar sukari, da tafarnuwa, da wani sassaƙe mai ɗaci daga Ƙarfi. Na karɓa, na yi godiya. Ba ƙarya na yi wa kowa ba, sutura ce shari'a ta ba ni na lulluɓa.

Mai yoyon fitsari an yi masa uzuri, sallarsa ta yi. Amma ya shiga gaban masu lafiya? Malamanmu ba su so haka ba. Ni na san babin, ba sai wani ya buɗe mini ba. Sai na koma ƙarshen sahu, can bakin ƙofa, inda mutum zai iya zamewa babu mai lura.

Ga matata Barakatu tana shanya kuɓewa a tsakar gida. Ta ɗago. Ba fuskata take kallo ba, wandona take kallo.

"Malam, farin ka sa?"

Na ce shi na sa. Ta koma kan kuɓewarta, amma na ga hannunta ya tsaya cak na ɗan lokaci. Shekara guda ke nan baƙin wando nake sawa, ko ruwan toka, ita ke wankewa, ita ta san dalili. Farin nan tun jiya na ce a goge mini shi. Ba alfahari ba ne. Shaida nake so, wadda ido zai gani.

Kayode ne ya fara kama zaren. Mai ɗakin gwajin jini da ke bayan tasha, haifaffen Funtua, Hausarsa ta fi ta wasu daga cikin jikokina. Zazzaɓi na je gwadawa, maganar ta kuɓuce mini ban shirya ba — wataƙila don ba ya salla a bayana, shi coci yake zuwa, ban ji nauyinsa ba. Bai yi dariya ba, bai zaro ido ba. Ya ce akwai gwajin da ya kamata duk namijin da ya manyanta ya riƙa yi, ya ɗebi jini ya aika. Da sakamakon ya dawo har gida ya zo, ya cire takalmi a zaure, ya ce Baba, kada ka jira kaka, ka tafi asibitin Zariya cikin makon nan.

Zariya… allura ta wurin da ba a faɗa. Jira. Sannan likita, ɗan siriri mai furfura a gemu, ya ɗaga ɗan yatsa da babban yatsa ya nuna mini girman goro. Ya ce wata 'yar tsoka ce ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta, furostet sunanta. A cikinta kansar take. Kansa. Kalmar ta faɗo tsakaninmu, na ji fankar sama tana juyawa, na ji wata mata tana kiran ɗanta a baranda. Amma, in ji shi, ba ta fita ba. Ba ta taɓa ƙashi ba, tana nan a ɗakinta. Ya kuma ce wani abu da har yau nake juya shi: ɗigon nan ba ma ita ta kawo shi ba, kumburi ne irin na tsufa. Ita shiru take zaune, ba ta motsi, ba ta ciwo. Ashe ɗigon da ya kore ni daga gaban sahu shi ya tona ta. To wa zan yi wa fushi? Da me zan yi fushi?

Likitan bai ɓoye mini komai ba. Tiyata tana aiki. Gashi na nan gida, wanda ake haska wa mutum, shi ma yana aiki, mutane da yawa sun tashi da shi. Ya ce in yi tambaya. Tambayata ɗaya ce: alwala fa? Ya fahimta nan take, shi ma mai salla ne. Ya ce bayan tiyata wasu sukan yi yoyo na ɗan lokaci ya wuce, wasu kuma yakan zauna musu. Wasu. Su wane ne wasu? Ina cikinsu ko ba na ciki? Bai sani ba, ya ce bai sani ba, na kuma girmama shi a kan haka.

Ladan ya ɗauki lasifika, ga shi yana hura ta. Kullum sai ya hura ta, kamar wuta. Bari in ɗauki hula.

Barakatu ta gaya wa Mansura, ban hana ba, ban kuma ce a faɗa ba. Sai ga wayarka, Talha. Ka yi gaisuwa mai tsawo, ka tambayi gona, ka tambayi ruwa, ka tambayi mutanen Maska ɗaya bayan ɗaya, ina ji kana kewaye maganar kamar mai neman ƙofar gidan da bai sani ba. Can ka ce a Japan, ƙasar da kuke, akwai wani irin gashi da ba a yi da haske, da ƙwayoyin kabon ake yi, sinadarin nan da ke cikin gawayi. Ka ce ana tura su cikin jiki su wuce fata da tsoka ba su yi ɓarna sosai ba, sai sun isa daidai zurfin da aka auna musu, nan za su sauke duk ƙarfinsu su tsaya. Ba sa zarcewa. Na ce kamar mai binne taki a gindin masara ke nan, ba mai watsawa ba. Ka ce eh Baba, kusan haka ne.

Na gaya wa Haladu. Abokina tun muna kiwon awaki, gonarsa na jikin tawa a Maska, a masallaci kuma shi ke tsayawa bayan liman ta dama tun kafin a yi wa ginin rufin kwano. Ƙari na ce masa, ƙari a mara, ban faɗi fiye da haka ba. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Wai har Japan zan je a gasa ni da gawayi, alhali ga Lawal mai tsire nan bakin tasha, shi da yaji ma zai haɗa mini. Na yi dariya ni ma. Na daɗe ban yi irinta ba.

Yadda aka haɗa abin tafiya — 'ya'ya, da ƙanne, da wata gona ta wajen Tsiga da na daɗe ina cewa ta yi mini nisa — wannan ya wuce. Ba na waiwaye. Gona ba ta salla.

Sanyi. Sanyin ƙasar nan, Talha, har cikin haƙori. Asibiti shiru kamar ba mutane, kowa yana sunkuya wa kowa. Alƙibla ta juya mini, sai da ka nuna mini da wayarka. Mansura tana tuƙa mini tuwon shinkafa da kukar da na ɗauko a jaka, tana kallo na ta gefen ido ko zan cinye…

Sai ranar tambayoyi. Ka tuna? Ai ba za ka manta ba. Likita na zaune, kai kana tsakiya kana fassara. Sau nawa nake tashi fitsari? Ka fassara. Yana fita da ƙarfi ko a hankali? Ka fassara, muryarka ta ragu. Sai ya yi wata tambaya, ba ka fassara ba. Ya maimaita. Na ga kunnenka, na ga wuyanka, na ga ka ƙura wa ƙasa ido kamar za ka huda ta.

"Baba… yana tambaya ne a kan harkar iyali."

Uban matarka. A gabanka. Da a Funtua ne da ɗayanmu ya tashi ya bar ɗakin, da kuma ba mu sake haɗa hanya ba sai da salla. Amma likita yana jira, kuma ba tsegumi yake yi ba, aikinsa yake yi. Sai Allah ya kawo mini dabara. Na juya na fuskanci bango, na ba ka amsa da kalmomin littafi, na Larabci, irin waɗanda nake karanta wa magidanta a babin wanka da tsarki. A can ba su da kunya, ilimi ne. Kai ma ka yi karatun zaure kafin boko, ka gane. Ka mayar masa da harshensu. Haka muka ƙare tambayoyin nan — ni ina karantar da bango, kai kana karantar da takalminka, Bajapane yana gyaɗa kai. Muka fito. Ka buɗe mini ƙofar mota, na shiga. Ban ce na gode ba. Ta yaya ake cewa?

Allahu akbar… an fara kira. Ƙafar hagu a fita, Isah. Hadari ya haɗo ta wajen Maska, baƙi ƙirin, in ya zubo yau masarar baya ta samu abin da take jira. Ga motar buhuna ta toshe lungu kamar kullum. Sannu, sannu dai, lafiya lau, jiki alhamdu lillahi. Kowa sai ya kalle ni sau biyu. Ku kalla. Ban rame ba, ƙiba ma na yi.

A asibitin Japan sun ɗumama wata roba ta yi laushi, suka lulluɓa mini ita a ƙugu, ta sandare da siffata. Tawa ce ni kaɗai, da sunana a jiki. Kullum in na kwanta sai su ɗaure ni cikinta don kada in motsa ko da kaurin gashi. Na roƙi maza su riƙa yi mini, suka yi iya ƙoƙarinsu, ranar da ba a samu ba na rufe ido na ce lalura ce. Abin dariyar, kafin a shiga sai an ba ni ruwa in sha, a ce in riƙe fitsari, wai mafitsara in ta cika tana ɗagewa daga hanyar gashin. Ni! Ni da riƙo ya gagara har na bar limanci, ni ake cewa riƙe. Na kuwa riƙe. Na dantse haƙori, ina salati, na riƙe. Ranar farko da na fito a bushe na ji kamar in nemi wanda zan gaya wa, babu kowa sai kai, kai kuma ba a gaya maka.

Gashin kansa? Babu komai. Ba zafi, ba wari, ba haske. Wani bututu a gefen ƙugu, yau ta dama gobe ta hagu, 'yar ƙara kaɗan, shi ke nan a ce in tashi. Har na tambaye ka ko sun manta ba su kunna ba. Ka kai ni gaban wani ƙaramin samfuri da suka ajiye a zauren asibitin, ka nuna mini zobe. Ka ce na gaskiyar yana bayan bangon can, faɗinsa ya kai fili guda, a cikinsa ƙwayoyin ke zagayawa suna ƙara gudu, suna ƙara gudu, har su kai gudun da hankali ba ya ɗauka, sannan a sake su. Duk wannan gini, duk wannan gudu — don abu kamar goro a jikin wani tsoho daga Funtua. Na tsaya ina kallo. Wanda ya sanar da ɗan Adam wannan, shi ya sanar da shi alwala. Ban ga saɓani ba. Har yau ban gani ba.

Makonni kaɗan aka gama. Likitansu ma bai yi mini alkawari ba, kada in yi masa ƙarya. Ya ce fitsari zai yi zafi, zai yawaita, sannan ya lafa. Ya yi zafin kuwa, kamar barkono, na yi ta zarya har tabarmar ƙofar bayi ta gaji da ni. Ya lafa. Ƙwayar da suka ba ni ta kumburi tana aiki. Sai allurar nan ta wata-wata da ake haɗawa da gashin, mai kwantar da ƙarfin namiji don kada ciwon ya samu abinci… ita ce ba su faɗi rabinta ba, ko sun faɗa kai ka rage a fassara? Zufa ta keto wa mutum babu dalili. Kasala. Da ɗayan abin. Na fara yi wa Barakatu bayani ina neman kalmomi, ta katse ni, ta ce ita da ta yi zaton gawa za a sauke mata a jirgi, yanzu ga mutum yana cin tuwonta yana ƙorafin gishiri, me kuma take nema? Ta tashi ta fita da kwano. An ce in an daina allurar abin yakan dawo. Yakan. Mu gani.

Kayode ya ce lambar jinin ta sauka ƙasa sosai. Ya kuma ce, shi da ba ya ƙara gishiri, allurar ma tana saukar da ita, sai an daina za a san gaskiyar aikin gashin, kuma gwaji ba ya ƙarewa, shekaru za mu yi muna tare. To mu yi. Ina da jijiya, yana da allura. Ban ce na warke ba. Na ce alwalata tana kaiwa daga azahar zuwa la'asar, kwana da kwanaki ina gwadawa ban faɗa wa kowa ba, kuma wannan shi ne abin da ake nema ga liman. Sauran na Allah ne.

Ƙafar dama. Ƙamshin tabarma, ƙamshin turaren Mannir. Ya matsa gefe tun kafin in iso, ya nuna mini gaba da tafin hannu. Sahu ya zubo mini ido. Wani tsoho ya ce alhamdu lillahi a fili. Haladu yana wurinsa, ya ɗaga mini gira, wato gasasshe ya dawo. Kada ka sa ni dariya a nan, kai.

Dardumar ta canza. Wannan ta fi laushi, ta Mannir ce. Ba komai.

A daidaita sahu. A toshe kafa.

Murya ta fita. Tawa ce, ba ta rawa.

Allahu akbar.

Fatiha… tsaya a kan Fatiha, Isah, kada ka saurari mara. Liman ba ya sauraron mararsa. Sura. Gajera ta isa. Yanzu ruku'u — a hankali, hannu bisa gwiwa, baya a miƙe…

Babu komai.

Babu komai. Subhana rabbiyal azim. Babu komai, Talha.

Sujada. Goshi ya san wurin, ko da dardumar ba ita ba ce. Tashi. Ta biyu. A nan ne bara… bari, bara ta wuce. Ga shi kuwa — zafi ya taso daga ƙirji, ya hau wuya, ya sauka baya. Zufar allura. Yanzu ta ga damar zuwa? Tana gangarowa ta ƙashin baya, ta ƙugu, ta cinya… ɗumi. Ɗumi a cinya. Zufa ce? Zufa ce ko kuwa…

Zufa ce. Na san hanyar wancan, na san hanyar wannan, shekara guda ina karatunsu. Wancan daga ciki yake fitowa, da ɗan saki. Babu saki. Na shiga da tsarki a kan yaƙini, kokwanto ba ya fitar da ni. Hukuncin da zan ba wani shi zan ba kaina, ba sassauci, ba tsanani. Sami'allahu liman hamidah. Ci gaba.

Ta uku. Numfashin sahu a bayana, tarin wannan, ƙarar gwiwar wancan, duk na san masu su. Na yi kewar wannan fiye da… mene ne wancan? Motsi ta dama. Tabarma ta yi ƙara. Wani ya ja da baya, a hankali, yana ratsa mutane. Taku mai jan ƙafa ɗaya. Na san takun nan.

Ba ruwanka, kana salla. Fatiha.

Na san takun nan tun muna kiwon awaki.

Ta huɗu. Ruwa ya fara buga kwano, ɗaya-ɗaya. Tahiya. Yatsa yana motsi, hankali ya fita waje, dawo da shi… dawo da shi. Assalamu alaikum.

Na kai. Farin wando, a duba in ana so. Na kai ta har ƙarshe, raka'a huɗu, da alwalar azahar.

Juyo ka fuskanci jama'a.

Fuskoki. Mannir yana murmushi, kuma na gaskiya ne, yanzu na gani. Ta dama kuwa, kafa. Sahu bai rufe ta ba, sun bar masa wurinsa kamar zai dawo yanzu. Ta ƙofa ina hango bayansa, ya tsuguna can gefen rariya cikin yayyafi, buta a hannu, ya juya wa masallaci ƙeya. Haladu.

Tun yaushe? Shekaranjiya a hanyar Maska sau biyu ya sa mai babur ya tsaya, ya ce zai duba wata gona, gonar da ba tasa ba. Shayin safe ya daina sha, wai yana sa shi ƙwarnafi. Dariyar nan da ya yi ta gawayi, har da riƙe ciki — ciki ya riƙe ko mara? Ina ta auna kaina, ina ta sauraron jikina, mutum yana tsaye taku ɗaya a bayana…

Wataƙila kumburin tsufa ne kawai. Sau da yawa shi ne. Wataƙila kuma akwai mai zama shiru a ƙarƙashinsa. Zan kama hannunsa in kai shi wurin Kayode, wannan mai sauƙi ne, gobe ma. Zariya ma zan raka shi, na san ƙofofin. Likitan Zariya ya ce gashin gida yana aiki, kuma na yarda da shi. Amma in ya dube ni ya ce, kai da ka yarda da na gida, me ya kai ka Japan? 'Ya'yansa duk suna nan, ɗaya tela, ɗaya yana bin motar hatsi. Gonarsa guda ce, ita ake ci. Me zan ce masa? In fara daga ina — daga ɗigon? Sai na faɗi nawa kafin ya faɗi nasa, na san shi. Shi kaɗai kuwa? Ga Alhaji Ummaru a bakin ƙofa, wurin da na zauna shekara guda, yaushe ya koma can? Ga wani a bayansa. Furfura, furfura, duk sahun farko furfura ce.

Suna jira in ɗaga hannu a yi addu'a. Ruwa ya ƙarfafa, ba a jin komai sai kwano. Ashe na gaji haka… Hannuwa sun tashi, nawa ma sun tashi, ban san lokacin ba. Bakina a buɗe. Shi kuma har yanzu bai juyo ba, rigarsa tana jiƙewa, ya ƙi shigowa — jira yake mu watse.